Yadda ake shirya fitar ƙungiya zuwa gidan tarihi da wuraren baje kolin zane a Yamai

Mutanen Yamai da yawa sun shiga Muze, wato Gidan Tarihi na Ƙasa mai namun daji a ciki, tun suna ƴan lakwal, amma in ka tambaye su abin da suka gani sai su ce zaki da dorina da kura. Ɗakunan da aka ajiye tufafin gargajiya, kayan kiɗa da tukwanen da aka tono daga ƙasa suna nan a gefe, ana wuce su. Na daɗe ina fita da ƴar ƙungiyarmu ta unguwa zuwa irin waɗannan wurare, kuma abin da zan bayyana shi ne yadda kai ma za ka tara mutane, ka kai su, su dawo da abin faɗi. Dukan shirin a kan abu ɗaya ya tsaya: a ga abu kaɗan, a daɗe ana kallonsa, a yi magana a kansa.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Mutane takwas zuwa goma sha biyu. In sun fi haka, na baya ba sa jin bayani, sai su koma danna waya.

Mutum huɗu masu aiki a cikinsu: mai jagora, ma'aji, mai fassara, da mai tafiya a ƙarshen ayari don kada a bar kowa. Mai fassara ba abin wasa ba ne, domin bayanan da ke manne jikin kaya galibi da Faransanci suke, kuma a Yamai da wuya ka tara mutum goma ba a samu wanda ya fi sakewa da Zabarmanci ba.

Kaye ƙarami da fensir ga kowa. Fensir ya fi bik, saboda tawada in ta taɓa yadi ko takardar mai zane ba ta fita. In kuɗin kaye ya yi yawa, a ninka farar takarda biyu a raba.

Ruwan sha mai yawa, tabarma biyu, buta, hula ko laima, da takalmin da ba ya cin ƙafa.

Ƙananan kuɗi. Kada ma'aji ya zo ƙofa da takardar jika goma yana neman canji.

Katin ɗan ƙasa, da wasiƙar ƙungiya idan wurin hukuma za ku.

MATAKI NA 1: KU ZAUNA KU DAIDAITA

Ba sai kun yi rajista ko kun buga tambari ba. Fada, ƙungiyar adashi, malaman makaranta ɗaya ko matan layi ɗaya duk sun isa. A zaman farko ku yanke abu uku: sau nawa za ku riƙa fita (sau ɗaya a wata ya wadatar), nawa kowa zai zuba, da kuma ko za a zo da yara. Shawarata ita ce fitar manya daban, ta yara daban. Yaro in ya hango kejin birai, to maganar zane ta ƙare.

Akwai batun da ya kamata a faɗa tun a nan, kada a bari sai an shiga ɗaki. Wasu ba sa son tsayawa gaban mutum-mutumi ko zanen abu mai rai saboda fahimtarsu ta addini. Kada a yi musu da su, kada kuma a mayar da fitar wurin muhawara. Akwai abin kallo mai yawa da babu siffar mai rai a ciki: saƙa, aikin fata, zanen ƙwarya, surfanin riga, adon bango. Mai wannan ra'ayi sai a haɗa shi da waɗannan, a haɗu a waje.

MATAKI NA 2: ZAƁEN WURI

Fitar farko ku fara da Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda ke tsakiyar gari kusa da gadar Kennedy. An buɗe shi a 1959, kuma Pablo Toucet ne ya fara shugabantarsa. Shi Boubou Hama, wanda ya rasu a 1982, marubuci ne kuma ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. Wurin yana da faɗi ƙwarai, ɗakunansa a warwatse suke: na tufafi, na kayan kiɗa, na zanen duwatsu, na kayan da aka tono, na ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, har da na yuraniyom. Akwai samfurin gidajen Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye, ga rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban idonka. Nan ne kuma aka ajiye gawar itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973.

Kuskuren da kusan kowace sabuwar ƙungiya ke yi shi ne a ce tunda an biya tikiti sai an zagaye ko'ina. Ɗaki biyu sun isa rana ɗaya. Muze kaɗai zai ba ku fita huɗu ko biyar ba tare da kun maimaita komai ba.

Daura da Muze akwai cibiyar al'adu da aka daɗe ana kira CCFN, wadda a 2024 aka sauya wa suna zuwa Moustapha Alassane. Shekaru da dama nan ne masu zane da masu ɗaukar hoto suka saba rataye ayyukansu. Akwai kuma cibiyar Oumarou Ganda, wato CCOG. Irin waɗannan wurare baje kolinsu na ɗan lokaci ne, yau akwai gobe an kwashe, don haka sai an riƙa leƙawa ana karanta allon sanarwa.

Ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ya dace da fita ta biyu ko ta uku. Shiga shagunan ba ya buƙatar wani dogon shiri, kuma nan aka sha gudanar da SAFEM, baje kolin sana'o'in mata da ke tara masu sana'a daga jihohin ƙasar da maƙwabta. Masu son kayan kiɗa su nufi cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, inda aka tara irin su gurmi, molo, goge, kalangu da algaita.

Idan babu wani baje koli a gari a watan da kuka sa, kada ku soke fitar. Ku nemi mai zane ɗaya ku roƙe shi ku ziyarci wurin aikinsa. Sau da yawa wannan ya fi baje kolin ma amfani, don za ku ga aikin da ba a gama ba, da fentin da buroshin. Ko ku tafi Bubon, bakin kogi, ranar Laraba da kasuwarta ke ci, ku ga tukwanen da matan garin ke ginawa suna yi musu ado. Fita bayan gari dai sai kun tambayi halin hanya a makon.

MATAKI NA 3: KA RIGA SU ZUWA

Kwana uku ko huɗu kafin ranar, mai jagora ya je shi kaɗai. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke raba fita mai daɗi da ta wahala. Ka tambayo lokacin buɗewa da rufewa na ɗakunan kansu, ba na babbar ƙofa kawai ba, domin ana iya barin fili a buɗe ɗakuna kuwa a kulle da tsakar rana. Ka tambayi kuɗin shiga, ko akwai ragi ga ƙungiya ko ɗalibai, ko ana biyan kuɗin ɗaukar hoto daban, da ko wani ɗaki yana rufe saboda gyara. Ka nemi ma'aikacin da zai yi muku bayani, ka gaya masa harshen da kuke so, ku daidaita abin da za a ba shi tun yanzu.

Sannan ka shiga ka zaɓi abu biyar ko shida da za ku tsaya a kansu. Ka rubuta inda suke. Ka duba inda inuwa take, inda bayan gida yake, da inda za a yi salla. In akwai dattijo ko mai lalurar ƙafa a cikinku, ka auna nisan tafiya tsakanin ɗakunan da idonka.

Wurin hukuma ko na jami'a yana son wasiƙa. Gajera ta isa: sunan ƙungiya, yawan mutane, rana, da abin da kuke son gani. Ka kai da hannunka, ka riƙe kwafi.

MATAKI NA 4: RANA DA LOKACI

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin fita. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, ba mai iya tsayawa kallon komai bayan ƙarfe 11. Ranar gidajen tarihi ta duniya, 18 ga Mayu, a tsakiyar zafin take faɗowa, in kuna son halarta sai ku yi sammako. Da damina ku sa ido kan hadari. Da azumi ku huta ko ku taƙaita.

Safiyar Asabar ta fi. Ku shiga da an buɗe, ku fito kafin azahar. Ku guji kwanakin salla: Muze yana cika maƙil da yara, ba ka jin maganar na kusa da kai.

MATAKI NA 5: KUƊI DA MOTA

Lissafin ba shi da wuya: tikiti, mota zuwa da dawowa, ruwa, ɗan abin taɓawa, da hasafin mai bayani. A haɗa, a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda abin da ba a zata ba, a raba. A karɓi kuɗin kwana biyu kafin ranar. Wanda ya ce zai biya a ƙofa, sau da yawa shi ne ba ya zuwa, kuma an riga an yi ciniki da mai mota da kujerarsa.

In daga unguwa ɗaya kuke, ku yi shatar faba-faba ɗaya, ku daidaita da direba kan lokacin dawowa, a ba shi rabi, rabi sai an dawo. In kuwa wasu daga Harobanda suke, wasu Talaje, wasu Lazare, ya fi sauƙi kowa ya hau taksi a haɗu a ƙofa. Ku faɗi lokacin haɗuwa da rabin awa kafin ainihin lokacin shiga. Ba sai na faɗi dalili ba.

MATAKI NA 6: A BAKIN ƘOFA

Kafin a shiga, minti biyar na magana. Ba a taɓa kaya, ko da babu gilashi a gabansu, saboda gumi da maiƙon hannu suna ɓata fata da yadi da fenti. Ba a jingina da akwatin gilashi. Ba a shiga da abinci ko ruwan leda. A kashe ƙarar waya. Hoto sai an tambaya, kuma ba da walƙiya ba.

Gargaɗi na musamman: a yankin da Muze yake akwai gada da gine-ginen hukuma da jami'an tsaro. Kada kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto a kan titi.

Ni nakan roƙi mutane su bar waya a aljihu har sai an gama kallon abu. Wanda ya fara da hoto ya riga ya gaya wa kansa cewa zai duba daga baya, kuma ba ya dubawa.

MATAKI NA 7: KALLON KANSA

Nan ne aikin yake. Ku tsaya gaban abu na farko, kowa ya yi shiru minti biyu. Za ku ji minti biyun sun yi tsawo. Kada mai fassara ya karanta takardar bayani tukuna, kada ma'aikaci ya fara jawabi. Bayan shirun, mai jagora ya yi tambayoyi huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ya sauya jerinsu.

Me kuke gani? A nan ba a son "yana da kyau". Ana son launi, siffa, girma, inda ya tsage, inda aka yi masa gyara.

Da me aka yi shi, kuma ta yaya?

Wa ya yi amfani da shi, ko wa aka yi wa?

Me ya tuna maka?

Sai an gama waɗannan a karanta bayanin, a ba ma'aikaci dama. Za ku ga cewa rabin abin da zai faɗa kun riga kun gano da kanku, sauran rabin kuma zai zauna a kai domin akwai inda zai zauna.

Tambaya ta biyu ce ta fi buɗe baki, don haka mai jagora ya ɗan san yadda ake yin abubuwan da ya zaɓa. Ɗauki kuros ɗin azurfa na Buzaye, abin adon da ake rataya a wuya, waɗanda aka saba jerawa 21, kowane da sunan gari ko yanki: Agadas, Tawa, Ingal, Iferwan, Damagaram da sauransu. A tsohuwar hanya maƙeri yana fara siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya zube, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, sannan ya fasa yumɓun ya goge ya yi zane da hannu. Tunda sai an fasa mazubin, ba a samun biyu iri ɗaya sak. In mutane suka ji haka sai ka ga sun matso suna neman bambancin.

Bargon tera-tera na Zabarmawa kuma sirara-sirara ake saƙa shi, sannan a jera a ɗinke. Ku bi layin ɗinkin da ido, ku ga ko zanen wannan tsagi ya haɗu daidai da na kusa da shi. Masaƙin yana riƙe da lissafin a kansa tun kafin ya ga bargon a haɗe, kuma a wurin haɗuwar ne ake gane gwani.

Zanen bayan gilashi, irin wanda aka san Rissa Ixa da shi wajen nuna rayuwar Buzaye, a juye ake yin sa. Mai zane yana fara sa ƙananan abubuwa kamar ido da layin rawani, sannan ya rufe da launin fili a ƙarshe, domin ta ɗaya fuskar za a kalla. In ya yi kuskure a farko, gyara yana da wuya.

A ɗakin kayan da aka tono, ku tambayi mai bayani labarin Bura, wata tsohuwar maƙabarta. A 1975 aka gano wurin a yankin Tera, kuma Boubé Gado ya jagoranci tonon 1983, inda aka samu tulunan binne mamata masu kawunan yumɓu. Mutum-mutumin yumɓu na mahayin doki da aka samu can, wanda cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni ke riƙe da shi, har birnin New York aka kai shi baje koli a 2020. A ɗakin zanen duwatsu kuma ku tayar da maganar raƙuman dawa na Dabous da ke arewacin Agadas, inda babban ya haura mita 5, an sassaƙa shi a jikin dutse tun lokacin da wurin ke da ciyawa da ruwa.

Tablon zamani wanda ba a gane mutum ko dabba a ciki shi ne ke kawo dariya, wani ya ce ɗansa ma zai iya. Kada ka hana dariyar, kada kuma ka kare mai zanen. Ka ce kowa ya nuna inda idonsa ya fara sauka, da inda ya tafi daga nan. Ku ja baya taku biyar ku kalla, ku matso ku ga kaurin fentin, ko an haɗa da yashi, ƙyalle ko fata. In bayan haka mutum ya ce bai yi masa ba, haƙƙinsa ne, sai dai ya faɗi dalili.

Ka kula da masu yawan magana. A kowace ƙungiya akwai mushe ɗaya da ya san komai. Ka ba shi aikin fassara, ka ce sai an zo kansa. Ka fara tambayar masu shiru, musamman dattawa mata. Wata Hajiya da ba ta taɓa shiga aji ba za ta tsaya gaban kayan ɗakin amarya ko zanen ƙwarya ta faɗi sunan kowane ado da lokacin da ake amfani da shi, abin da babu shi a takardar bango. In ta fara, ka ce "Inna, a ƙara mana," ka sa wani ya rubuta.

Kafin a bar kowane ɗaki, kowa ya zana abu ɗaya a kayensa, minti biyar. Ba gasar iya zane ba ce. Hannu ne ke tilasta wa ido ya ga abin da ya tsallake.

MATAKI NA 8: WURIN MASU SANA'A DA MASU ZANE

A yi sallama, a gaisa sosai, a ce daga ina kuke. Ka gaya wa mai rumfa gaskiya tun farko cewa kallo da tambaya kuka zo, don kada ya baje kaya yana jiran ciniki. Kada a tsaya masa a haske. Hoton mutum ko na aikinsa sai da izininsa, kuma in za a sa a Facebook ko WhatsApp a rubuta sunansa. Wasu masu zane ba sa son a ɗauki sabon aiki saboda masu kwaikwayo.

Kun cinye masa rabin awa, saboda haka ya dace ƙungiya ta sayi wani ɗan abu, ko alabe ko zobe, daga asusu. A yi tayi da mutunci. Wanda ya gama kallon yadda ake fasa mazubi bai kamata ya taya kuros kamar yana taya tumatir a kasuwar Katako ba.

In wani ya ja ka gefe ya ce yana da tsohon kan yumɓu ko dutsen da aka tono, kada ka saya. Dokar 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, kuma kayan Bura suna cikin jan jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar na kayan da aka hana fataucinsu, saboda yadda aka wawashe wurin.

MATAKI NA 9: ZAMAN BAYAN FITA

Kada a watse daga ƙofa. Ku shimfiɗa tabarma a inuwa, a ɗora shayi, a kawo kilishi ko dambun kopto. Kowa ya buɗe kayensa ya faɗi abu ɗaya da zai so ya kai gida da an ba shi, da dalili. Minti arba'in sun isa. Ma'aji ya karanta abin da aka kashe a gaban kowa, ko da dala biyar ce ta rage.

A nan take a sa ranar fita ta gaba, a kuma ba wani mutum daban aikin riga zuwa, don kada komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Hotuna a zaɓi goma kawai a tura wa ƙungiya, kowane da sunan abin da wurin. Ma'aikacin da ya yi muku bayani a kira shi washegari a yi masa godiya, a roƙe shi ya riƙa sanar da ku in za a buɗe sabon baje koli. Ranar buɗewa galibi da yamma ake yi, mai zanen yana wurin a tsaye, kuma ana iya yi masa tambaya kai tsaye.